AMSOSHIN WASIƘUNKU: Na Zama Kirista, Dangi Sun Juya Mini Baya, Yaya Zan Yi?

Kamar yadda muka saba, amsar da muka bayar a rediyo ita ce muke bugawa a nan, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi ji ya samu ya karanta, ko kuwa ya ba wani ya karanta masa. A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa, saboda ciwonsu iri ɗaya ne. Masu su sun roƙi a sakaya sunansu, mun kuwa sakaya.

Ta farko ta fito daga wani manomi a ƙasar Malumfashi, Jihar Katsina. Ga abin da ya ce: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yau shekara biyu ke nan da na karɓi bangaskiyar Kirista. Tun daga lokacin babana ya fitar da ni daga gandu, yayyena ba su cin tuwo da ni, ranar da na kira gayya mutum uku kaɗai suka zo. In na yi sallama a dandali sai a yi tsit. Ba wanda ya taɓa dukana, amma da duka ne da ya fi mini sauƙi. Wasu 'yan'uwa a ikilisiya sun ce in tattara nawa in koma birni in manta da su. Shin haka ya kamata in yi?"

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a wani ƙauye kusa da Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ta ce: "Matan da muke adashi tare sun cire ni, an rage sayen kayana, an yi bikin ƙanwata ba a gaya mini ba. Da dare ba na iya barci. Ko dai Allah ya yi fushi da ni ne?"

To, ɗan'uwa da 'yar'uwa, mun gode da wasiƙunku, sannunku kuma da haƙuri. Amsarmu a taƙaice ita ce: ƙofar da aka rufe muku ta waje, kada ku sa mata sakata ta ciki. Amma kuma kada ku zauna a bakinta da yunwa kuna jiran a buɗe. Bari mu bi maganar daki-daki.

ZAFIN DA KUKE JI BA RAUNIN BANGASKIYA BA NE

Ɗan'uwa, da ka ce duka ya fi maka sauƙi, ba ka yi ƙarin gishiri ba. A 2003 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka sun yi wani gwaji. Suka sa mutane cikin na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su wasan jefa ƙwallo a kwamfuta tare da wasu 'yan wasa biyu. Ana cikin wasa sai 'yan wasan nan suka daina jefo wa mutumin ƙwallo, suka dinga yi tsakaninsu. Hoton ya nuna cewa wani sashen ƙwaƙwalwa da kan motsa lokacin da mutum ke jin azabar ciwo a jiki ya motsa a wannan lokaci ma. Ka ji fa, wasa ne kawai, da mutanen da bai ko sani ba. To, ina ga wanda uban da ya haife shi ya ƙi amsa gaisuwarsa?

A karkara kuwa abin ya wuce ɓacin rai. Dangi da maƙwabta su ne bankin mutum, su ne 'yan ƙwadagonsa ranar gayya, su ne masu nema masa aure, su ne masu ɗaukar gawarsa. Wanda aka ware an taɓa masa rumbu da aljihu gaba ɗaya. Saboda haka in kun yi kuka, ba laifi kuka yi ba. Littafin Zabura cike yake da kukan bayin Allah waɗanda abokai da dangi suka guje su, ba a kuwa cire wannan kuka daga Littafi Mai Tsarki ba.

BA A KANKU FARAU BA

Yesu Almasihu kansa ya sha wannan. A Markus sura 6, da ya koma garinsu Nazarat ya yi koyarwa, mutanen garin suka raina shi don sun san shi masassaƙi ne, sun san uwarsa da 'yan'uwansa. A sura 3 ta wannan littafi danginsa sun fito su kama shi, suna tsammani hankalinsa ya taɓu. Yohanna sura 7 ta nuna cewa 'yan'uwansa ma ba su gaskata da shi ba a lokacin. Amma ku lura da ƙarshen labarin. Ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan, wato Yakubu, shi ne daga baya ya zama babba a ikilisiyar Urushalima, kamar yadda muke gani a Ayyukan Manzanni sura 15. Wanda ya ƙi ka bana ba lalle ne ya ƙi ka har abada ba.

A ƙasar Hausa ma akwai tarihi. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wajen 1867, an kashe wani malami mai suna Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a koyarwarsa. Almajiransa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo Zariya wurin Likita Mila, wato Walter Miller na mishan ɗin CMS, suka zama Kirista, aka kafa musu zango a Gimi. Ciwon barci ya faɗa wa Gimi ya kashe mutane da dama, waɗanda suka ragu suka tashi. A 1929 mishan ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa, a bayan ganuwa.

In ka duba da ido, mutane ne da aka tura gefe. Amma ba su yar da Hausarsu ba, ba su yar da sunayensu da tufafinsu da ladabinsu ba, kuma ba su ɗauki Arewa a matsayin ƙasar abokan gaba ba. Daga cikin wannan jama'a aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ga babban asibiti nan a Kaduna da sunansa. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. 'Ya'yan Musulmi da na Kirista duk sun amfana da su. Da iyayensu sun rama ƙi da ƙi, da ba a kai nan ba.

KU GANE ABIN DA KE ZUCIYAR MASU ƘIN

Ɗan'uwa, kafin ka yanke wa babanka hukunci, ka tsaya ka duba abin daga inda yake zaune. In Musulmi ne, a wurinsa ɗansa ya yi ridda, yana ji maka tsoron Lahira da gaske, ga kuma kunyar idon jama'a a masallaci da majalisa. In kuwa mai bin al'adar gargajiya ne, wato Bamaguje, to ka san akwai yankan da gida kan yi wa iskoki don neman lafiya da albarkar damina, kowa da hannunsa a ciki. Wanda ya janye hannu, ana ganin ya jawo wa gidan duka fushin abin da ake bauta wa. Ko ta wane gefe, tsoro da kunya sun fi ƙiyayya yawa a cikin abin da yake yi maka.

Haka yayyenka da maƙwabta. Da yawa ba kai suke ƙi ba, bakin mutane suke gudu. Dubi Yohanna sura 9, labarin makahon da Yesu ya buɗe wa ido. Da shugabanni suka kira iyayensa, sai iyayen suka zame suka ce a tambaye shi da kansa tunda ba yaro ba ne, domin suna tsoron a kore su daga majami'a. Ba su daina son ɗansu ba, tsoro ne ya kama su. Sau da yawa za ka tarar uwar da ba ta yi maka magana da rana ita ce mai aiko maka da fura da dare ta hannun ƙaramin yaro. Kada ka tona mata asiri, kada kuma ka tilasta ta ta zaɓa tsakaninka da mijinta.

Har ila yau ka binciki kanka. Bitrus a wasiƙarsa ta fari, sura 4, ya bambanta wahalar da mutum ke sha don shi Kirista ne da wadda yake sha don laifinsa ko shisshiginsa. Akwai sabon mai bi da kan koma gida ya ce wa tsohonsa duk abin da kake yi a duhu kake, ko ya daina durƙusawa wajen gaisuwa, ko ya fara cin abinci a bainar jama'a da tsakar rana cikin watan azumi. In aka ƙi irin wannan, rashin ladabi aka ƙi. In akwai irin haka a tsakaninku, ka je ka ba da haƙuri a kan wannan ɗin. Ba da haƙuri a kan rashin ladabi daban, musun bangaskiya daban.

ZUMUNTA A ƘAFA TAKE

Yanzu ga tambayarka, ko ka tattara ka manta da su. Muddin ba a yi barazana ga ranka ba, shawararmu ita ce a'a. Dokar girmama uwa da uba tana nan a Fitowa sura 20, ba a kuwa ce sai iyayen da addininku ya zo ɗaya ba. A Markus sura 7 Yesu ya tsawata wa masu fakewa da addini su hana iyayensu abin da ya kamata su ba su. Bulus kuma a Romawa sura 12 ya ce mu yi iyakar abin da ke hannunmu mu zauna lafiya da kowa, mu bar ramuwa ga Allah, mu rinjayi mugunta da alheri. Ka lura, abin da ke hannunka aka ɗora maka. Amsa gaisuwa a hannunsu take, yin gaisuwar a hannunka take.

Saboda haka kullum safiya ka je ka gai da tsohonka kamar yadda ka saba, ko ya amsa ko bai amsa ba. Da kaka, ka kai masa dami daga abin da ka noma. In ya mayar, kada ka yi fushi, baɗi ka sake kaiwa. In an yi rasuwa ka je ta'aziyya, ka kama haƙar kabari in an bar ka, in an tashi salla ka koma gefe cikin natsuwa. In an yi suna ka kai gudummawarka. Ranar Salla ka je barka da Salla, ranar Kirsimati ka aika da abinci, ka kuma kula da yadda aka yanka naman don kada ka sa su cikin shakka. In wani ya kira gayya, ko yana cikin waɗanda suka ƙi zuwa taka, ka saɓa fartanyarka ka riga kowa isa. Inda za ka tsaya shi ne abin da ya shafi sujada, kamar yanka ga iskoki ko furta abin da ba ka gaskata ba. A nan ka ce a gafarce ka, da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da wa'azi ba.

'Yar'uwa ta Maraɗi, ke ma haka. An yi bikin ƙanwarki ba a gaya miki ba, to ki bari ƙura ta lafa, ki ɗauki ɗan kwano ko turmin atamfa gwargwadon ƙarfinki ki kai mata ɗakinta, ki yi mata Allah sa alheri. Kada ki tayar da maganar rashin gayyata. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ita ma ta san wannan karin magana.

Wannan hanya ba ta kwana ɗaya ba ce, ba kuma za mu yi muku alkawarin cewa kowa zai sauko ba. Yusufu ɗan Yakubu, wanda labarinsa ke cikin Farawa, yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai bayan fiye da shekara 20 suka sake haɗuwa. Abin da ya sa sulhu ya yiwu shi ne, ranar da yunwa ta kawo su gabansa ba su tarar da zuciyarsa a kulle ba.

KU KAMA BAKINKU

Baki shi kan yanka wuya. Kada ku shiga gardamar addini a dandali, ko a tasha, ko a rumfar kasuwa. In an tambaye ku dalilin bangaskiyarku da niyyar sani, ku amsa da tawali'u da ladabi, kamar yadda Bitrus ya koyar a sura 3 ta wasiƙarsa ta fari. In kuwa tsokana ce, ku ce Allah ya ba mu zaman lafiya, ku wuce. Daɗai kada ku aibata addinin kowa, ko annabinsa, ko littafinsa, ko a fili ko a ɓoye. Wannan ba halin mai bin Almasihu ba ne, sa'an nan kuma yana iya jawo asarar rai. Ku yi hattara da wayar hannu musamman. Saƙon murya da aka tura a WhatsApp ba ya dawowa, kuma ba ka san kunnen da zai faɗa ba. A watan Mayun 2022 an kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato bayan an zarge ta da ɓatanci a wani saƙon murya. Kisan gilla ne wanda ba wata doka da ta yarda da shi, amma wanda ya mutu ba ya dawowa a ba shi gaskiya. Ku ja wa 'ya'yanku kunne.

MAGANAR GONA DA KASUWA

Haƙuri ba ya hana dabara. Ɗan'uwa, tunda an fitar da kai daga gandu, kada ka ɓata shekaru kana jiran gado. A shari'ar Musulunci bambancin addini yana hana gado, in gidanku na Musulmi ne haka alƙali zai gaya maka. Uba yana iya ba ɗansa kyauta tun yana da rai in ya ga dama, amma ba a tilasta shi. In kana da gayaunar da aka riga aka ba ka, ko gonar da ka saya da guminka, ka nemi mai unguwa ko dagaci da shaidu a rubuta. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gona a karkara, ka bi ka nema. In ba ka da ko ɗaya, ka nemi aro ko haya ko jingina, amma komai ya zama a rubuce, da shaidu daga ɓangarorin biyu, Musulmi da Kirista.

Batun gayya kuwa, mutum ukun nan da suka zo ka riƙe su da kyau. Ku haɗu da sauran masu bi na ƙauyukan kusa ku riƙa zagayawa gonakin juna. Ka kuma koyi wata sana'ar rani, ko gini, ko gyaran babur, ko kiwon awaki da kaji, ko noman lambu. Manzo Bulus da ɗinkin tanti ya ci da kansa a Koranti. Wanda ke iya ciyar da iyalinsa ba a saurin juya shi da yunwa, kuma shi ne zai iya taimakon danginsa ranar da suka shiga matsi.

'Yar'uwa, ciniki ya fi bin kyan kaya da gaskiyar mudu a kan komai. Ki tsare tsabta, kada ki gauraya mai, kada ki rage awo, in kin ci bashin gyaɗa ki biya kafin ranar da kika ɗauka. In ƙauyenku sun ja baya, ki gwada kasuwannin da ke ci a wasu ranaku, ko ki sami mai sari a cikin Maraɗi, inda mai saye ba ya tambayar wa ya soya. In akwai zubin da kika yi a adashin da aka cire ki, ki je wurin uwar adashi da shaida ki karɓi haƙƙinki cikin lalama. Sa'an nan ki shiga na zumuntar mata a ikilisiyarku, in babu ku fara, ko da ku biyar ne.

A Nijar Kirista ba su kai 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, amma dubi asibitin Galmi da mishan ɗin SIM ta buɗe a 1950. Mafi yawan masu zuwa neman magani Musulmi ne, daga Nijar har da Nijeriya. Aiki mai kyau yana da bakin da yake magana da shi.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Kada ku kulle kanku a ɗaki. Kaɗaici shi ne ke mai da ƙaramin tunani ya zama dutse. Ku riƙa zuwa sujada da taron addu'a ko da tafiyar ƙafa ce, ku sami dattijo ɗaya ko dattijuwa mai riƙe sirri wanda za ku riƙa gaya wa damuwarku. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yanzu kuma akwai na saurare a waya don wanda bai iya karatu ba.

A nan muna da magana da fastoci da dattawan ikilisiya. A labarin makahon nan, da Yesu ya ji an kore shi, shi ne ya tashi ya neme shi. Bai isa a yi wa mutum baftisma a tafa a watse ba. Wa zai je gayyarsa? Wa zai tsaya masa a matsayin uba ranar neman aure? In matarsa ta haihu, wa zai kai itace da ruwan zafi? Ikilisiyar farko a Urushalima har mutum bakwai ta zaɓa don rabon abinci ga gwauraye mata, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna. Abin takaici, wani lokaci Bahaushe ko Bafulatani mai bi yakan sha ƙi sau biyu: a gida a ce ya bar addinin iyaye, a coci kuma wasu su riƙa yi masa kallon ɗan leƙen asiri saboda rigarsa da hularsa da harshensa. Wannan abin kunya ne, a daina. Kada kuma a matsa masa ya sake suna ko tufafi. Zama Kirista bai cire shi daga Hausa ba.

IN ABIN YA WUCE ƘAURACEWA

Duk abin da muka faɗa a sama na wanda aka ƙaurace wa ne. In aka kai ga duka, ko kulle mutum a ɗaki, ko barazanar kisa, ko auren dole, ko ƙwace yara da ƙarfi, to magana ta sake. A nan ba a cewa a zauna a yi haƙuri. A Matiyu sura 10 Yesu ya ce wa almajiransa in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani. Bulus ma a cikin kwando aka zurara shi ta ganuwar Dimashƙu da dare. Ka tashi tukuna, ka sanar da fastonka, ka ɗauki takardunka da lambobin waɗanda ka amince da su. Zumunta ana iya ci gaba da ita daga nesa, da saƙo da aike, har hankula su kwanta.

Neman haƙƙi a hukuma ma ba rashin bangaskiya ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 22, da za a yi wa Bulus bulala, ya tuna wa jarumin soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, aka fasa. A Nijeriya sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sake addini, sashe na 42 kuma ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai kuma hukumar ba talaka lauya kyauta. Amma ka sani, kotu tana iya hana a doke ka ko a ƙwace gonarka, ba ta iya sa babanka ya ci tuwo da kai. Don haka a maganar cikin gida a fara da kawu, ko gwaggo, ko wani dattijon da tsohonka ke jin nauyinsa.

KO ALLAH YA YI FUSHI NE?

'Yar'uwa, a'a. Juya bayan mutane ba shi ne ma'aunin fushin Allah ba, in da haka ne da annabawa ne suka fi kowa laifi. Ki riƙa gaya masa abin da ke ranki yadda yake, ki kuma riƙa yi wa matan nan addu'ar alheri da sunayensu ɗaya-ɗaya. Da wuya mutum ya daɗe yana ƙullatar wanda yake yi wa addu'a kullum. Yafewa ba ta nufin abin da aka yi miki daidai ne, sauke kaya ce daga kanki. Batun barci kuwa, in ya wuce mako biyu ba kya barci, ba kya cin abinci, ba kya jin daɗin komai, ko tunanin hallaka kanki ya fara zo miki, ki gaya wa wani yau ɗin nan, ki je asibiti. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, yana da magani, shan maganin kuma bai saɓa wa addu'a ba.

Daga ƙarshe, mun san akwai iyaye da 'yan'uwa Musulmi da masu bin gargajiya da ke sauraron wannan fili, muna gaishe ku da girmamawa. Ba mu ce abin ba ya yi muku ciwo ba. Amma malamai sun san cewa Musulmin farko ma sun ɗanɗani wannan, lokacin da Ƙuraishawa suka ƙaurace wa Banu Hashim kusan shekara 3, ba ciniki ba auratayya, da kuma lokacin da wasu sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha wajen shekarar 615, sarki Kirista ya ba su mafaka. Wanda ya san zafin ƙauracewa a tarihinsa shi ya fi cancanta ya sassauta. Ɗanku ɗanku ne. In ya zo gaisuwa gobe da safe, ko "lafiya" kaɗai ku ce masa.

A nan za mu dakata. Mai tambaya a kan noma, ko ciniki, ko zaman iyali, ko al'amarin bangaskiya, ya rubuto mana, wanda ya so a sakaya sunansa za mu sakaya. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.